Yadda Ake Jiƙa Gahawar Sanyi a Gida, a Zafin Damagaram

Gahawar sanyi ba dafawa ake yi a bari ta huce ba. Jiƙa garin ake yi a ruwan sanyi, a bar shi ya kwana, washegari a tace. Tafasasshen ruwa cikin minti huɗu ko biyar yake janye duk abin da ke cikin gari, mai daɗi da marar daɗi, shi ya sa kafe na teburin mai shayi sai an cika masa sukari da madara kafin ya shiga maƙogwaro. Ruwan sanyi kuwa a hankali yake aikinsa. Yana ɗauko ƙamshi da ɗan zaƙin da ke cikin ƙwayar, ya bar kaso mai yawa na ɗacin a cikin dusa. Abin da za ka samu ruwa ne baƙi, mai laushi a baki, wanda mutane da yawa ke iya sha da sukari kaɗan ko ma babu.

Aikin hannun da ke ciki bai wuce na minti goma ba. Wahalar tana wurin zafi. Yawancin bayanan da ke yawo a intanet cewa suke a ajiye kwalbar a kan tebur har awa ashirin da huɗu, amma masu wannan magana ɗakinsu bai wuce digiri 20 ko 22 ba. A Damagaram, watan Afrilu da Mayu zafin rana na haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuma ko da dare ba ya hucewa. Wanda ya bi waccan shawara a bazararmu, da safe abin da zai tarar shi ne jiƙo mai tsami da ya fara lalacewa. Don haka mafi yawan abin da zan yi bayani a kai shi ne inda za a ajiye jiƙon da tsawon lokacin da zai yi.

Garin da ake bukata

Nescafé da ire-irensa na gwangwani ko na ƙullin leda ba su shiga wannan aiki. Su gahawa ce da aka riga aka dafa a masana'anta aka busar da ruwanta, shi ya sa suke narkewa tas. In ka zuba su a ruwan sanyi za su narke, za ka sha, amma ɗacin dahuwar farko yana nan. Abin da za ka nema shi ne soyayyar ƙwayar gahawa, ko niƙaƙƙen garinta wanda ba ya narkewa, irin wanda ake zubawa a injin tace kafe. A manyan kantunan kayan abinci ake samun sa, galibi a fakitin gram 250. In babu a kusa, ai ba a rasa mai zuwa Yamai ko Kano da za a ba saƙo.

Ka duba jikin fakitin. Iri biyu ne suka cika duniya, Arabica da Robusta. Arabica, wadda asalinta ƙasar Habasha ne, ta fi ƙamshi da laushi. Robusta, wadda ita aka fi nomawa a Kodibuwa, ta fi ɗaci, kuma sinadarin kafeyin da ke hana barci ya kusan ninka na Arabica a cikinta. Ni Arabica na fi so a jiƙon sanyi, amma ban raina Robusta ba, domin in za a haɗa da madara ko kunun aya ita ce ba ta ɓacewa a ciki. Wadda aka soya ta yi baƙi ƙirin har tana maiƙo, ɗanɗanon ƙuna take bayarwa. Matsakaiciyar suya, mai launin ƙasa-ƙasa, ta fi.

Idan ƙwaya ka samu, ka yi sa'a, don kai za ka niƙa yadda kake so. Kada ta yi laushi. Girman da ake so kamar tsakin gero ne, wanda in ka murza tsakanin yatsu za ka ji shi ƙwaya-ƙwaya. Ƙaramin turmi ya isa, a daka a hankali, a riƙa dubawa. Sai dai kada a kusanci turmin da ake daka yaji ko daddawa, ko da an wanke shi, domin gahawa tana kama warin duk abin da ta taɓa. Haka ma injin niƙa na unguwa: zai mayar da ita lilis, kuma ya haɗa ta da ragowar barkonon wani.

Idan kuma garin fakiti ne mai laushi, ba a fasa ba. A rage lokacin jiƙo da awa uku ko huɗu, a kuma yi haƙuri wajen tata.

Ruwa, mazubi da awo

Tun da ba za a tafasa komai ba, duk abin da ke cikin ruwan shi za ka sha. Kowa ya san halin ruwa a garin nan. Wanda famfonsa ya yi kwanaki bai kawo ba, ya saya a wurin 'yan garuwa ko ya ɗebo daga tanki, to ya tafasa ruwan tukuna, ya rufe, ya bari ya huce sarai kafin ya jiƙa. Ruwan famfo mai warin maganin kulorin ma tafasawar na rage masa warin. Ruwan rijiya mai garɗin kanwa yana kashe ɗanɗanon gahawa, gara a sa na roba ko na leda da aka amince da shi.

Mazubi kuwa kwalbar gilashi mai faɗin baki da murfi ita ce gaba da komai. Babbar kwalbar mayonez ta yi, in an wanke ta da sabulu da ruwan zafi aka shanya a rana har warin ya fita, musamman murfin, don a nan wari ke maƙalewa. Robar da aka taɓa zuba mai ko zoɓo ba ta yi ba. Sai rariya ƙarama, da farin ƙyalle na auduga da ba a taɓa wanke shi da sabulu mai turare ba.

Awon da nake ba kowa shi ne gram 125 na gari a ruwa lita ɗaya, wato rabin fakitin gram 250. Ba sai an nemi sikeli ba: a juye fakitin a faranti, a raba biyu da ido. Wannan kashi ɗaya ne na gari a kashi takwas na ruwa, kuma abin da zai fito jiƙo ne mai kauri da ake sirkawa kafin a sha. Dalilin yin mai kauri shi ne wuri. Kwalba ɗaya a firigo ta fi uku sauƙin samun gurbi, kuma in wuta ta ɗauke ta fi sauƙin cusawa a kula. Wanda yake son gwaji tukuna, ya auna cokalin cin abinci biyar cike da tozo a ruwa kwatan lita.

Haɗawa

A zuba garin a kwalba, a zuba rabin ruwan, a juya da cokali mai tsabta. Za ka ga garin ya taso sama ya yi ɓawo, ƙananan kumfa na fitowa ta gefe, alamar suyar ba ta daɗe ba ke nan. In ka nutsa cokali ƙarƙashin ɓawon za ka tarar da busasshen gari a dunƙule wanda ruwa bai taɓa ba. Shi ake so a farfasa. A zuba sauran ruwan, a bar shi minti biyar, a sake juyawa har yawancin garin ya fara nutsewa, sannan a rufe. Daga nan ba a sake girgiza shi.

Inda zai kwana

Firigo shi ne wuri mafi aminci. A can ciki za a sa, kada a jikin ƙofa inda yara ke buɗewa suna rufewa. A sanyin firigo jiƙon yana son awa 16 zuwa 20. In ka haɗa bayan la'asar, washegari da hantsi ya yi. Wuce awa 24 ba ya ƙara komai sai ɗanɗanon itace.

Ga wanda ba shi da firigo, ko wutar unguwarsu ba ta da tabbas, kula da ƙanƙara sun wadatar. A sayi ƙanƙarar leda manya biyu ko uku, a tsayar da kwalbar a tsakiya, a kewaye ta da su, a cike gibin da tsumma mai tsabta, a rufe kular, a ajiye a inuwa. Da asuba a leƙa. In ƙanƙarar ta narke duka kuma ruwan ya fara ɗumi, a tace nan take ko da lokacin bai cika ba. Kada ƙanƙarar ta shiga cikin jiƙon kansa, sai in ka san ruwan da aka yi ta da shi.

Akwai kuma randa. Lokacin rani, da iska ke bushe, ruwan randa na yin sanyi sosai saboda tsattsafowar da yake yi ta jikin yumɓu yana bin iska. A ɗaure murfin kwalbar da kyau, a sa ta a leda mai tsabta, a nutsa ta a ruwan randar har wuya. Amma sanyin randa bai kai na firigo ba ko kusa, saboda haka awa 10 zuwa 12 ne iyaka: a jiƙa bayan isha'i, a tace da safe, a shanye a ranar. Da damina, da iska ta yi laima, randa ba ta sanyaya ruwa yadda ta saba, kada a dogara da ita.

Lokacin hunturu kaɗai, Disamba da Janairu, da dare kan sauko kusan digiri 15, shi ne za a iya barin kwalbar a sarari a tsakar gida ta kwana. Shi ma awa 12, kuma a ɗauke ta kafin rana ta hau kanta.

Ina matsa wa wannan batu ne saboda dalili. Zoɓo da tsamiya suna da tsamin da ke ɗan rage wa ƙwayoyin cuta ƙarfi. Gahawa tsaminta bai kai can ba, ga shi ba a tafasa ta ba. Jiƙon da ya yini a ɗumi wuri ne da ƙwayoyin cuta za su iya hayayyafa, kuma ba kullum hanci ke ganewa ba.

Tata

Sau biyu ake tacewa. Na farko da rariya, don a raba ruwan da dusa. Na biyu da ƙyalle: a jiƙa shi da ruwa mai tsabta a matse, a shimfiɗa a kan rariyar, a riƙa zuba jiƙon kaɗan-kaɗan. Da farko zai zubo da sauri, daga baya laka mai laushi ta toshe ƙyallen ya koma ɗiga. A nan ne hannu ke ƙaiƙayin matsewa. Kada a matse. Matsar ce ke turo lakar da ɗacin da aka kwana ana gudu. In ya tsaya cak, a ɗauraye ƙyallen a ci gaba. Ragowar da ta kwanta a gindin kwalba a bar ta a can.

Daga lita ɗaya za ka samu kusan kashi uku cikin huɗu, domin gari na riƙe ruwa kimanin ninki biyu na nauyinsa. A juye a kwalba mai tsabta a rufe. In firigo na aiki ba yankewa, zai yi mako guda. In wuta na ɗaukewa tana dawowa, kwana uku ya isa, gara a riƙa yin kaɗan-kaɗan. Duk ranar da ka buɗe ka ji ya yi tsami, ko ya yi yauƙi, ko murfin ya yi huci, zubarwa za a yi.

Wajen sha, rabi jiƙo rabi ruwan sanyi ko madara. Sukari ba ya narkewa da sauri a ruwan sanyi, sai ya kwanta a ƙasan kofi. Maganinsa a dafa kofi ɗaya na sukari da kofi ɗaya na ruwa har ya narke, a bari ya huce, a ajiye a kwalba ana ɗiba da cokali. Mai son ta da zafi da safen hunturu ya zuba tafasasshen ruwa a kan jiƙon, ba sai ya ɗora shi a wuta ba.

Kayan ƙamshi

Duk abin da za a ambata a nan akwai shi a wurin masu kayan yaji a kasuwar Dole. Ƙa'ida ɗaya ce ta raba su: busassun kaya su ne ke kwana tare da gari a cikin jiƙo, amma duk abin da ke da danshi, zaƙi ko madara, a kofi ake haɗa shi lokacin sha. Dabino ko madara in suka kwana a kwalba, su ne za su fara lalata ta. Awon busassun kayan da zan bayar duka na lita ɗaya ne.

Kimba na sa a gaba, don a ganina ita ta fi dacewa da gahawa a cikin duk kayan yajinmu. Mutanen Senegal sun daɗe da gane haka, da ita ake yin kafe Tuba da 'yan ɗariƙar Muridiyya suka shahara da shi. Mu a nan mun bar ta a kunun kanwa da yajin mai jego. A ɗauki ƙwanso uku ko huɗu, a ɗan gasa su a busasshen kasko minti ɗaya ko biyu har ƙamshin ya tashi, sannan a buga su da taɓarya sau ɗaya su fashe. A ciki za ka ga 'ya'ya baƙaƙe masu sheƙi a jere. A fitar da su a yar, don ɗaci gare su, ƙamshin yana jikin ɓawon. A jefa ɓawon cikin gari kafin a zuba ruwa. Abin da take bayarwa ɗan yaji ne mai hayaƙi-hayaƙi da ake ji a bayan maƙogwaro bayan an haɗiye. In an ƙara kanumfari guda biyu sai ya cika. Biyu na ce, domin kanumfari in ya yi yawa yakan kashe harshe, gahawar ta koma ɗanɗanon maganin haƙori.

Kirfa sanda ɗaya mai tsawon yatsa, a karya biyu. Kada a sa garinta, yana sa jiƙo yauƙi ya toshe ƙyalle. Busasshiyar citta guda ɗaya a ɗan fasa ta, ita ma ta kwana a ciki. Ɗanyar citta kuwa cikin ruwan sukari ake dafa ta: a yanka mai girman babban yatsa, a dafa tare minti goma, a tace. Cokali ɗaya na wannan a kofin gahawa mai ƙanƙara, da tsakar rana, yana wartsake mutum. Masu zuwa Umra kan dawo da hel, ƙwayar nan kore da Larabawa ke sa wa gahawarsu. Guda biyar a fasa su sun ishi lita.

Ɓawon lemun zaƙi yana da daɗi da Arabica. A wanke lemun, a fere saman ɓawon siriri ba tare da farin cikin ba, a murɗa shi a bakin kofi har man ya fantsama, a jefa ciki. Na'ana'a ma haka, ganye huɗu a murza a tafin hannu a jefa a kofi. In ta kwana a jiƙo baƙi take yi ta ba da warin ciyawa.

Sai dabino, wanda ya fi sukari dacewa da wannan abin sha nesa ba kusa ba. Busasshen dabinon nan mai tauri da ake kawowa daga arewa shi ya fi zaƙi mai zurfi. A cire ƙwallon guda goma, a wanke, a zuba musu tafasasshen ruwa kofi ɗaya, a rufe har su yi laushi. A dama su da hannu ko a markaɗa, a tace da rariya. Ruwan mai kauri da ya fito, cokali biyu a kofi. Shi kwana biyu kawai yake yi a firigo.

Haɗin da na fi so in ba baƙo shi ne da kunun aya. Uwargidan da ta saba yin kunun aya ba ta bukatar a koya mata komai, sai dai ta rage sukari da kayan ƙamshi a wanda za a haɗa, ta kuma yi shi da kauri. Kashi ɗaya na jiƙo, kashi biyu na kunun aya mai sanyi, a zuba gahawar daga sama a hankali. Za ka ga baƙin yana sauka zare-zare cikin farin kafin su gauraye su zama ruwan ƙasa. Garɗin ayar yana rufe sauran ɗacin, har wanda bai saba da gahawa ba zai sha ya nemi ƙari. A nan Robusta ta fi Arabica. Amma kowa ya san kunun aya ba ya jimiri, a haɗa a sha a take.

Madarar gwangwani mai sukari ita ma ta yi, haka mutanen Biyetnam ke shan tasu da ƙanƙara. Cokali biyu a gindin kofi, a zuba jiƙo, a juya sosai. Nono da kindirmo ba su jitu da gahawa ba, tsami kan tsami ne. Haka lemun tsami ko garin ƙwame in suka haɗu da madara, tsinkewa take yi.

In za ka gwada sabon haɗi, raba jiƙon a ƙananan kwalabe biyu, ɗaya zalla ɗaya da kayan ƙamshin, don ka ji bambancin, kuma kada abu ɗaya ya ɓata maka rabin fakiti.

Ƙarfinta

Laushin da take da shi a baki yana ruɗar mutane su sha fiye da kima. Lissafin a fili yake. Arabica tana ɗauke da kafeyin kimanin kashi 1.2 cikin ɗari na nauyinta, wato gram 125 na da kusan miligram 1,500. In yawancinsa ya fita a ruwa lita ɗaya, kowane mililita 100 na jiƙon da ba a sirka ba zai iya kusantar miligram 150, na Robusta kuma ya kusan ninka haka. Hukumomin lafiyar abinci na Turai da Amurka sun ɗauki miligram 400 a yini a matsayin abin da babba mai lafiya zai iya sha ba damuwa, ga mai ciki kuma shawarar da aka fi bayarwa ita ce kada ta wuce 200. Ke nan kofi biyu da aka sirka sun ishi mutum a yini, kuma wanda zai zauna a fada ya sha shayi zagaye uku ya tuna shi ma shayin yana da nasa kafeyin.

Jiki na ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya rage rabin abin da aka sha, saboda haka kofin bayan magariba yana nan a jini har tsakar dare. Ɗalibai masu karatun jarrabawa su lura da wannan, kada a ci dare a rasa safiya. Mai hawan jini, mai bugun zuciya da mai gyambon ciki su tambayi likita tukuna, rashin ɗacinta ba ya nufin ba za ta taɓa su ba. Yara kuwa a ba su kunun ayar zalla.

Da azumi, an fi jin daɗinta bayan an sha ruwa an ci abinci, kofi ɗaya kafin a tafi asham. A jiƙa bayan tarawihin yau a firigo, a tace gobe da la'asar, a dama dabinon tun da rana ya samu ya yi sanyi.